Bindigar Babanmu a Cikin Damin Rake

Tun da na dawo daga ƙasar Ingilishi, nan ƙetaren iyakarmu, abokaina na Kwaya suka hana ni sakat. In na zauna a bakin kasuwa, wannan ya ce ko na ga jirgin ƙasa, wancan ya ce wai gaskiya ne kuɗinsu da huji a tsakiya. Jirgin ƙasa ban gan shi ba, ban ma doshi inda yake ba. Kuɗi mai huji kuwa na riƙe shi da hannuna. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa na yi kokawa da ɗan doka a Maigatari. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a ƙyale ni in huta.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ni Mutari da wana Illiya, wanda kuke kira Kafaran, wato kofur, tun da ya dawo daga soja. Babanmu, Dogo maharbi, bai bar mana shanu ba, sai gona da bindiga. Tsohuwar bindigar sojan Faransa ce, doguwa, mai nauyi kamar taɓarya, ya same ta tun yana saurayi lokacin da ya yi wa Nasara jagora a daji. Bayan rasuwarsa Yaya ne yake riƙe ta. Shi a gaba da bindiga, ni a baya da jaka da gorar ruwa, haka muke shiga daji, kuma duk wanda ya san Yaya a lokacin ya san bakinsa ba ya rufuwa. Yakan kori nama da surutu, sannan ya juyo ya ce ni ne na taka kara.

Aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Jamus. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya lau, amma maganar ta tsaya can. Ya sami gindin gawon da ke bayan gidanmu ya zauna yana tufkar igiya, daga hantsi har faɗuwar rana. Gida ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke sa hannu, amma wallahi na fi jin kewarsa yana gabana fiye da lokacin da yake bayan teku. Bindigar kuwa tana cikin jinkar rumbu inda na ɓoye ta, bai taɓa tambayar ta ba.

Bayan kaka sai mai shela ya zagaya da umarnin kumandan, Baturen mulkin Magariya. Duk mai bindigar soja ya kai ta bariki, wanda aka kama da ita sai gidan kaso. Bindigar farauta kaɗai aka yarda da ita, ita ma sai an rubuta ta, kuma tsohon soja ba a hana shi. Na zo na faɗa wa Yaya, ban sa ran amsa ba. Sai ya ajiye igiyar ya ce in kai bindigar wurin Baba Tanko maƙeri, wanda ya gudu daga Dungass tun zamanin aikin dole, yana wani ƙauye kusa da Maigatari. Ya ce shi kaɗai zai iya mayar da ita ta farauta.

Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba. Na ce a raina Yaya yana son daji, zai tashi daga gindin gawon nan, za mu koma yadda muke. Na roƙe shi mu tafi tare, ya girgiza kai ya ɗauki igiyarsa. Ban damu ba. Na san dai ana rage ƙotar bindiga daidai da hannun mai ita, Yaya kuwa ya fi ni tsawo nesa, don haka na shiga ɗakinsa na auna hannun tsohuwar rigarsa ta kaki da zare, na ƙulle, na sa a aljihu. Na ji kaina mai dabara.

Dabara ta biyu ita ce rake. Na sayi dami biyu a fadama, na naɗe bindigar da tsumma na binne ta a tsakiyar ɗaya, na ɗaure tamau, na ɗora wa jakina, dami ɗaya kowane gefe. Wa zai tsare mai rake? Abin da ban lissafa ba shi ne halin mutanenmu. Mai rake ba ya wuce gaisuwa hannu sake. Tsohon da ya ce maka sannu da hanya, matar da ta ba ka ruwa, malamin da ya yi maka addu'a, kowa sai ka karya masa. Ni kuma ba a san ni da rowa ba. Na yi ta zara daga damin da ba kome a ciki, ina rabawa ina jin daɗin godiya. Kafin in hango Magariya kayan sun karkace, gefen bindiga ya rinjaya har yana jan ƙasa, jaki yana tafiya a kaikaice yana harara ta.

A Magariya akwai Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ba na shiga garin ban ci tuwonta ba. Amma gidanta cike yake da jama'a, in na sauke rake a tsakar gidan nan ba a jima za a kwance shi har tsumma. Na wuce ta ƙofar gidanta ina jin muryarta tana faɗa da wani a ciki, na sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Na sauka a wata rumfa a gefen kasuwa, na ci ƙuli-ƙuli da ruwa, na jingina da damin. Garin da nake da dangi, a nan na fara zama baƙo.

Da safe a bakin gari wani gardi mai jar hula, ɗan dokan kumandan, ya tsare ni. Ya dubi takardar tafiyata a juye, ya mayar mini, sannan ya miƙa hannu zai zari rake, kuma daga damin bindiga. Na yi maza na ce, ranka ya daɗe, wannan gefen tsutsa ta ci, na mutanen ƙauye ne, ga naka nan. Na zaro masa mai kauri daga ɗaya gefen. Ya ji daɗin an girmama shi, ya ƙara biyu da kansa. Da na yi nisa sai na cika buhu da yashi na rataya a gefen da ya rame don kayan su daidaita. Haka jakina ya yi ta dakon yashi zuwa ƙasar da yashi bai taɓa yankewa ba.

Daga nan na rufe hannuna, kuma nan ne wahalar tafiyar take. Na ci karo da ayarin masu tabarmi za su Dungass, mutanen kirki, suka ce in shiga cikinsu hanya ta yi daɗi. Na shiga. Da rana ta take aka sauka a inuwa, kowa ya fito da abin da ke jakarsa, wannan dabino, wancan gari, aka haɗa. Idanu suka koma kan rakena. Na ce na wani ne, saƙo ne. Madugun ya ce to a sayar musu, na ce ba na sayarwa ba ne. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Sun ci gaba da miƙo mini dabino, hirar ce kawai ta daina biyowa ta wajena. Da aka tashi na yi kamar ina gyaran igiya har suka ɓace. Tun daga nan nake tafiya ni kaɗai, in na hango mutane a gaba in rage sauri, in na ji su a baya in ratse. Na yi ta yi wa jaki magana, har na ba shi labarin farautar da za mu yi da Yaya in mun koma.

A Dungass wata mai fura ta bi ni da ido ta ce ba ta taɓa ganin mai raken da ba ya saye ba ya sayarwa ba, ko dai na aljanu ne. Ban kwana a garin ba ma, na wuce.

Tsakanin Dungass da Mallawa na faɗa a gidan wani Bafillace mai suna Buba, irin waɗanda suke kiwo suna kuma noma, ga shanu ga rumbuna. Bai tambaye ni daga ina ba sai da matarsa ta kawo fura da nono na sha na ƙoshi. Ya taya ni sauke kaya. Da ya ɗaga damin bindigar sai na ga ya ɗan tsaya, ya auna shi a hannu, ya ajiye a hankali, ya kawo tabarma ya rufe. Na so in faɗa masa kome, labarin Yaya da gawon da igiyar. Ban faɗa ba, shi ma bai nema ba. Da gari ya waye ya raka ni bayan gonarsa ya nuna mini wani burtali.

"Rakenka da nauyi, baƙo," in ji shi. "Kada ka shiga Mallawa, 'yan duwan masu binciken iyaka suna soka kaya da ƙarfe. Bi sawun shanu, su ba su san iyaka ba."

Kun dame ni da tambayar yadda iyaka take. Ni ma na zaci zan ga ganuwa ko ƙofa. Ba kome. Na tarar da wani mutum yana tattara kara a gona, na tambaye shi ko na kusa ƙasar Ingilishi, ya ce ai tun daga wancan jerin gamba na shige ta. Gonarsa ce a nan, gonarsa ce a can. Hausarsa irin tamu, tsagensa irin na mutanen Dungass. Na ji kamar an cuce ni.

Bambancin sai da na hau babbar hanya na gan shi. Na ji ƙugin kamyo ɗauke da gyaɗa a bayana, na ja jakina gefen da muka saba ba mota hanya, ashe su can motocinsu ta hagu suke bi. Na kai kaina daidai inda za ta wuce. Direba ya danna oda, jaki ya yi tsalle ya faɗa kwari da kaya da kome, buhun yashi ya fashe. Mutanen da ke saman motar suna ta dariya suna kiran ga ɗan Faranshi. Wannan ce kokawar da aka ce na yi, da jaki na yi ta, ba da ɗan doka ba. 'Yan dokan nasu ma na gan su daga nesa, ba su kula ni ba. Abin da muke kira duwan su kwastan suke cewa, kumandansu kuma Di'o. Miyarsu ja wur da manja, na farko na ci da ƙyar, daga baya na saba har ina nema.

Baba Tanko na same shi a ƙarshen ƙauyen, shi kaɗai a maƙerarsa. Tsoho ne ƙanƙani, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi Kano, masaba ta cinye masa kunne sai an yi ihu yake ji. Na kwance damin a gabansa. Da ya warware tsumman ya shafa ƙotar sai ya ce, "Ta Dogo ce. Ya rasu ke nan." Na ɗaga kai. Ya yi masa addu'a, ya nuna mini zugazugi. Raken kuwa, ranar da na sami damar rabawa ya riga ya bushe, tsohon ma ba shi da haƙoran sha. Na zuba wa jaki.

Na zauna wurinsa har wata ya tsaya ya cika. A zaurensa nake kwana, wata maƙwabciya take aiko mana da tuwo. Hira babu, don kowace magana sai na yi ihu, abin da nake son faɗa kuwa ba na ihu ba ne. Na baro gidan da ba a magana na zo wani.

Aikin dai na gan shi da idona, da hannuna ma na yi rabinsa. Ya fara cire duk abin da ya ce na soja ne, maƙalin wuƙar da suke ɗaurawa a bakinta, da ɗan tsanin saiti na harbin nesa, da zobban ƙarfe, da dogon itacen da ya rufe bututun har baki. Ya yanke bututun ya rage tsawonsa. Sai babban aikin. A cikin bututun bindigar soja akwai zane a murɗe, shi ke juya harsashi guda ya tafi nesa ya sami mutum. Ta farauta kuwa cikinta sumul ake so, don tsabar darma ta fita ta bazu. Ya kafe bututun a kan gungume, ya zura wani dogon ƙarfe mai kaifi a kai, ana ɗiga man gyaɗa, ni ina murɗawa. Kullum sai ya ɗaga shi ya leƙa ta hasken rana, ya girgiza kai, ya miƙo mini. Tafukana suka yi kanta suka fashe. Ban ji zafin ba, ina murɗawa ina ganin Yaya a gabana cikin daji. Da ya gamsu, ya gyara mazaunin harsashi daidai da na farauta da ake sayarwa a kanti, ya ɗaure ta a jikin bishiya, ya ja kunamar da igiya daga nesa. Ta tashi lafiya, ba ta tsage ba.

Saura ƙota. Ya ɗauko gizago da magagari ya ce in miƙe tsaye. Sai na yi murmushi na zaro zarena, na yi masa ihu cewa ba tawa ba ce, ta wana ce, ga tsawon hannunsa. Ya karɓi zaren ya dube shi, ya mayar mini. Ya ce shi ba ya yanka bindiga a jikin zare. Zare ba shi da kafaɗa, ba shi da kunci, ba shi da ido. Haka ubansa ya yi, haka kakansa da ya yi wa sarakunan Damagaram aiki, wanda ya tsaya a gabansu shi ake yanka wa. Na ce to ya bar ƙotar yadda take. Ya ce ƙotar soja ba a yi ta don kowa ba, kuma yanzu da aka rage baki nauyin ya koma baya, rabin aiki ba ya fita daga maƙerarsa. Ko in tsaya, ko in bar ta in je in zo da mai ita.

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da na gode wa Allah bai ji su ba. Sai ya tambaye ni wa ya aiko ni wurinsa. Na ce wan nawa ne, shi ya ambaci sunansa. Ya ce dogon yaron nan da Dogo yake zuwa da shi Dungass? Na ce shi. Ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Na wuni a bakin tafki ina juya abin. Yaya ko kasuwar Kwaya ba ya zuwa, balle ya ƙetare iyaka. In na koma hannu sake, na hallaka bindigar babanmu a banza. Na lallashi kaina da cewa bambancin bai wuce 'yan yatsu ba, Yaya soja ne, kowace iri ya riƙe. Na koma na tsaya.

Baba Tanko yakan ce in rufe ido, in ɗaga ta kamar zabuwa ta tashi, sannan in buɗe. Ya leƙa ta baki ya ga inda idona ya faɗa, ya karɓa, ya sassaƙe kaɗan, ya goge, ya miƙo. Ya rage tsawo, ya rarake inda kuncina ke kwanciya, ya sirance wuyan daidai da tafina. Muka yi ta yi har ranar da na buɗe ido na ga bututun a miƙe sak gaban idona, ban gyara kome ba. Ta zauna a kafaɗata kamar da ita aka haife ni. Daɗi ya kama ni, kuma daɗin nan ya fi kome ba ni haushi a duk tafiyar. Ya shafe ta da man kaɗe har ta yi duhu tana sheƙi. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, abin da maƙwabta suka ce bai saba yi ba, ya ce in gaida Illiya.

Komowa ba ta da labari. Bindigar ta gajarce, ta shige cikin naɗin tabarmi, tabarma kuwa ba wanda yake roƙo. Na biya wurin Buba na ba shi goro, na kwana gidan Gwaggo na sha faɗa. Amma duk hanyar ina shirya yadda zan ba Yaya haƙuri.

Na iso da hantsi, na same shi a inda na bar shi. Na warware tabarmar na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya ce in ɗaga ta ya gani. Na rufe ido na ɗaga, na buɗe.

"Ta zauna," in ji shi.

Na fara bayani, zare da tsohon da taurin kansa, na ce in ya gwada zai ga ba ta gajarce masa sosai ba, in ma ta gajarce a ƙara mata fata a gindi. Ya bari na gama.

"Na sani, Mutari. A gabana Baba Tanko ya mayar da baran wani hakimi saboda haka. Shi ya sa na aike ka." Ya ɗauki igiyarsa. "Ni na gama da bindiga. Ko ƙararta ba na son ji. Amma ba na so ta Baba ta ruɓe a bariki, kai kuma ka zauna kana jira na."

Na tsaya da ita a hannu, ban san inda zan ajiye ta ba. Duk murɗawar da na yi, duk rowar da aka yi mini shaida da ita a hanya, don in dawo da shi daji ne, ashe shi tun kafin in ɗaure jaki ya sallame ni. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ya yi mini abu ɗaya. Ya sa rigarsa ta kaki muka je Magariya aka rubuta ta da sunansa, ni na ɗauke ta zuwa da komowa, bai taɓa ta ba. Daga nan ya koma gindin gawo.

Yanzu kuna yi mini tsiya wai ga zabin daji a bayan gari suna tone gonaki, ni kuma sai in wuce su in nausa har inda ba a ganin rumbunan Kwaya, ko tsoron a ga kuskurena nake yi. Bindigar ba ta kuskure, ku tambayi wanda ya ci naman. Ina tafiya ne har sai na tabbata iska ba za ta kai masa ƙarar ba, sannan in ɗora harsashi. In na dawo da nama yakan ci. Ba ya tambayar inda na samo, ni ma ba na faɗa.